Dalilin da ya sa ba ma wasa da sunan Hitler a Jamus

Kawu, ka ce abin ya ɗaure maka kai, a ce Bahaushe Musulmi ya zauna Jamus har yana hana 'ya'yansa yabon Hitler ko da wasa. Doka tana nan, ba shakka: tun 1994 wanda ya musanta kisan Yahudawa miliyan 6 a bainar jama'a zai iya shan ɗaurin shekara 5. Amma ba ita kaɗai ta ɗaure mana baki ba.

A nan Hambug, kana tafiya sayen burodi sai ka ga ɗan farantin tagulla a daɓen ƙofar wani gida, bai fi tafin hannu ba. An rubuta sunan mutum, shekarar haihuwarsa, lokacin da 'yan Nazi, mutanen Hitler, suka kwashe shi, da inda aka kashe shi. Wani wurin huɗu ne a jere, uba da uwa da yara biyu. Wanda yake ganin wannan kullum, Kawu, bakinsa ba zai iya yabon mai aikin ba.

Kuma kada ka ɗauka Jamusawa sun karɓi laifin nan cikin sauƙi. Bayan faɗuwar Hitler a 1945 shiru suka yi, tsofaffin 'yan Nazi suka koma kujerun alƙalai. Sai da mai gabatar da ƙara Fritz Bauer ya dage aka gurfanar da ma'aikatan Auschwitz, babban sansanin kisa na 'yan Nazi, a Frankfurt a 1963. Da Willy Brandt, shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma (lokacin ƙasar a rabe take biyu), ya durƙusa a gaban dutsen tunawa da Yahudawa a Warso, babban birnin Poland, a 1970, da yawa daga mutanensa cewa suka yi ya wuce gona da iri. Jamus ta Gabas kuwa ta rubuta nata tarihin daban: 'yan gurguzu ne jarumai, laifi na Yamma ne, Yahudawa can a gefe.

Muna da namu ƙorafin, kuma muna faɗa. Kisan da sojojin mulkin mallaka na Jamus suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya an fara shi tun 1904, amma sai 2021 gwamnati ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. Batun Gaza ma yana ci mana rai, kuma wanda ya ɗaga murya a kai yakan ji ana masa kallon tuhuma. Duk da haka dattawanmu a masallaci kullum suna ja wa matasa kunne: ku soki gwamnatin Isra'ila da hujja, amma yaron da aka tura ɗakin kisa da iskar guba a 1943 bai zalunci kowa ba.