Hukuncin Zuba Kuɗin Marayu a Takardun Bashin Gwamnati

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Yayana ya rasu ya bar yara huɗu a nan Tudun Wada, Kaduna, kuma rabonsu na gado yana hannuna. Na sayi takardun bashin gwamnatin tarayya da rabin kuɗin, waɗanda ake biyan riba duk wata uku. Sauran rabin na ba wani abokina mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, yana ba ni dubu arba'in duk wata, ya ce uwar kuɗi tana wuyansa ko da ya faɗi. Wani ya ce min malaman Masar sun halatta na gwamnati. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya raya abin da ya bari.

Bari in fara da abokinka, domin maganarsa ce ta yanke hukunci. Tun da ya ɗauki lamunin uwar kuɗi, aka kuma yanka adadin da zai riƙa ba ka, to wannan rance ne da ya jawo amfani, kuma riba ce ta haram ba tare da saɓani ba. Gyaransa shi ne ku mai da shi ƙiradi: ku yi yarjejeniya a kan kaso na abin da aka samu, rabi ko sulusi, in an yi asara ba da sakacinsa ba ta faɗa kan jarin. Ku rubuta, ku sa shaidu. Kasuwa tana gobara, mutum yana mutuwa, magadansa su ce ba su san zancen ba.

Batun takardun gwamnati kuwa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Sheikh Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, lokacin yana Muftin Masar, ya ba da fatawa a 1989 yana halatta irin waɗannan takardu, a kan cewa zuba jari ne, kuma hukuma ba ta zaluntar kowa. Allah ya gafarta masa, amma maganar ba ta tsayu ba. Duba takardar da ke hannunka: ofishin da ya fitar da ita, DMO, aikinsa kula da basussukan ƙasa ne. Gwamnati ta yi alkawarin mayar maka da kuɗinka cif, da ƙarin da aka ƙayyade tun ranar farko, ko abin da ta yi da su ya kawo kuɗi ko bai kawo ba. Ina jari a nan? Mai jari yana cin riba ne saboda ya yarda da yiwuwar asara. Cewa mai karɓar rancen gwamnati ce bai canza komai ba, Alƙur'ani bai ware mai arziki ko mai mulki ba, balle kuma ribar daga harajin talakawa za a biya ta. Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Jidda a 1990 ta haramta fitar da su, da sayensu, da cinikinsu, gwamnati ce ta fitar ko kamfani. Wannan shi ne abin da muke bi.

Ko ta fuskar duniya ma kar a ruɗe ka da cewa babu haɗari. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ribar da aka ƙayyade ba ta kamo ta ba. A Gana kuwa, a 2023 aka musanya wa masu riƙe da takardun gwamnati da wasu masu ƙarancin riba da dogon wa'adi.

Idan fita yanzu za ta ci uwar kuɗin yara, ka jira wa'adi, shekara biyu ne ko uku. Ribar da ke shigowa ka fitar da ita ga mabuƙata, kar ka ciyar da gidanka. Bayan haka ga Sukuk, wato tsarin takardun zuba jari na Musulunci, wanda gwamnati ta fara a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, an gina shi a kan haya, kuma malamai sun duba shi.

Kuɗin nan ba naka ba ne, ɗan'uwa, duk abin da ya salwanta ta hanyar sakacinka kai za ka biya. Ka buɗe musu asusu daban, ka sami littafi kana rubuta kuɗin makaranta da na asibiti, ka riƙa nuna wa mahaifiyarsu. Zakkar kuɗin ma tana nan a kansu a mazhabar Malikiyya, ka fitar duk shekara in sun kai nisabi. Allah ne Mafi sani.