Ga mai tambaya kan haɗa kwamfutar kallo da gem da kuɗi kaɗan

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari ne sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce kana son kwamfutar tebur da za ka jona da talabijin ɗin falo, iyali su yi kallo, kai kuma in ka taso daga kasuwa ka ɗan taɓa gem ɗin ƙwallo da GTA V. Kuɗin ba yawa, kuma wani ya ba ka shawarar ka zuba rabinsu a katin girafik, wato katin da ke zana hoton gem a allo, sauran kayan a lallaɓa. Wannan shawarar ce ta hana ni yin shiru, domin ita na bi a karon farko, ni ganau ne ba jiyau ba.

Lokacin da na haɗa tawa ta farko, kati na fara saya, mai fanka biyu, sai ƙyalli yake. Da kuɗi suka ja baya, mai shagon ya ɗauko min kesin da ya zo da fawa-fak ɗinsa a ciki, wato akwatin nan da ke raba wa kayan ciki wuta. An rubuta 500W a jikinsa. Na ɗaga shi na ji sakayau kamar gwangwanin madarar da aka shanye, amma ban kawo komai a raina ba. Wata huɗu muka yi lafiya. Wani dare cikin bazara aka dawo da wuta da ƙarfi, sai na ji ɗas, ɗakin ya ɗauki warin ƙonanniyar roba. Fawa-fak ya tafi, ya ja madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan a kai, ya ja had disk ɗin da hotunan sunan 'yata ke ciki. Katin da na kashe wa kuɗin shi kaɗai ya tsira, ya yi wata shida a durowa ba injin da zan sa shi. Har yau in na tuna hotunan nan sai raina ya sosu.

Saboda haka ni daga wuta nake fara lissafi. Mu a Kano ba irin wutar da masu bidiyon YouTube na Amurka da Ingila suke da ita gare mu ba. A takarda 230V ce, amma kowa ya san yadda take zuwa: yau ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, gobe ta zo da ƙarfin da za ta ƙona caja, ga sauyi daga wutar gari zuwa janareta. Ka ware kuɗin fawa-fak na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai 450W zuwa 550W, ya ishe ka har da ragi. Ka nemi tambarin 80 Plus Bronze. Tambarin yana nuna cewa ba ya asarar wuta da yawa ta zama zafi, kuma galibi wanda ya same shi kayan cikinsa ba na wasa ba ne. Ka ɗaga shi a hannu, mai kyau yana da nauyi. Bayan shi sai UPS, akwatin batir mai riƙe wuta in an ɗauke, in da hali wanda yake daidaita ƙarfin wuta da kansa, in babu ka haɗa da sitabilaiza. Aikin UPS ya ba ka 'yan mintuna ka kashe injin cikin mutunci, domin ɗaukewar wuta bagatatan ita ke lalata Windows, ita ke kashe had disk a hankali. Ka lura, VA da ake rubutawa a jikinsa ba wat ba ne: mai 650VA abin da yake ɗauka bai cika wuce wat 360 zuwa 390 ba, kada ka ɗora masa talabijin da sifika da komai na falo.

To, sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ga irin buƙatarka, in sabo za ka haɗa, ni Ryzen 5 5600G zan ce maka. AMD ta fitar da shi a 2021, yana da kwa 6, wato sassa shida masu aiki a lokaci ɗaya, kuma girafik ɗinsa a cikinsa yake, ba sai ka sayi kati ba. An ƙiyasta shi a 65W, ga fankarsa a cikin kwali. Injin gaba ɗaya in ana gem wajen wat 100 yake ci ko sama da haka kaɗan. Ka kwatanta da katin RX 580 da ya cika kasuwa a na hannu, wanda shi kaɗai 185W ne. Duk mai inbata ko ƙaramin janareta ya san abin da wannan bambancin yake nufi, tawa ina kunna ta da sola har bayan isha ba tare da batir ya yi kuka ba. Harafin G ɗin nan na ƙarshe ka riƙe shi da kyau. Akwai Ryzen 5 5600 marar G, shi ba ya fitar da hoto sai da kati. Haka a Intel, duk wanda ya ƙare da F, kamar i3-12100F, ba girafik a cikinsa. Na ga wanda ya kai gida, ya jona, allo ya tsaya baƙi ƙirin, ya zaci kayan ne matattu.

Madabod kuwa mai soket AM4 za ka nema: A520, B450 ko B550. A520 ya fi araha kuma ya wadatar. B450 ya girmi firosesan, don haka tsofaffin da suka daɗe a shago sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin su gane shi. Kada ka ɗauki wannan wahalar zuwa gida, ka sa a ɗora a kunna a gabanka. Ka leƙa bayansa ka tabbatar akwai HDMI, in talabijin ɗinka 4K ce ka tambayi HDMI 2.0, domin 1.4 a 4K hoto 30 kawai yake bayarwa a daƙiƙa, za ka ga linzami yana jan ƙafa.

Yanzu ga inda mutane da yawa suke cutar kansu ba su sani ba, wato RAM, rumbun wucin gadi da injin ke aiki da shi. Girafik ɗin da ke cikin firosesa ba shi da rumbun kansa, daga RAM yake ara. In ka sa guda ɗaya mai 16GB, hanya ɗaya ka buɗe masa. In ka sa biyu masu 8GB, hanya biyu ce, kamar titi mai hannu biyu da mai hannu ɗaya. Na gwada da kaina: da sanda ɗaya, in na shiga cikin gari da mota a GTA V sai hoto ya riƙa cijewa a kwana, ranar da na ƙara ta biyu sai ka rantse wani injin aka kawo. DDR4 mai gudun 3200 za ka saya, iri ɗaya, kamfani ɗaya. In madabod ɗin ramuka huɗu gare shi, yawanci na biyu da na huɗu ake sawa in ka ƙirgo daga wajen firosesa. Sannan a shiga BIOS a kunna XMP, saitin da ke sakin cikakken gudun RAM, wasu madabod ɗin DOCP suke kiransa, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a 2133 ko 2400, ka biya kuɗin gudun da ba ka mora.

Gaskiya ɗaya zan faɗa maka kada ka ce ban faɗa ba. Da wannan haɗin GTA V da PES 2021 za su tafi lafiya in ba ka ƙure saitin ba, kallo kuwa ko 4K ne ba ya ko gezau. Amma daga FIFA 23 zuwa sama kamfanin gem ɗin da kansa katin GTX 1050 Ti ko RX 570 ya sa a matsayin mafi ƙanƙanta, don haka nan za ka ga gazawa. Abin da ya sa hankalina ya kwanta da shi, ramin kati yana nan a madabod yana jira, fawa-fak mai kyau yana nan. Ranar da Allah ya hore, ka sayi kati ka soka, ba abin da za ka zubar.

In kuma kuɗin ba su kai nan ba, akwai hanya ta biyu, kuma ba abin kunya ba ce: kwamfutocin ofis na tokumbo, Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. In ka zagaya Beirut Road da Farm Centre da Sabon Gari za ka same su jibge. Suna da ƙarko, ba ruwansu da hayaniya. Sai dai kada kalmar i7 a sunan firosesan Intel ta ruɗe ka, zubin, wato zamanin da aka ƙera shi, shi ne magana, kuma lambar da ke biye da ita ce take nunawa. i7-3770 zubi na 3 ne, na 2012. I3-12100 na 2022 ya fi shi nesa ba kusa ba. Ni ba na ba da shawarar a sauka ƙasa da zubi na 8, kamar i5-8500 mai kwa 6. Dalili biyu ne. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 yake karɓa. Na biyu ya shafi kallo kai tsaye: finafinan da ake turawa yanzu da yawa x265 ne, wani salon matse bidiyo, don ba sa cin wuri, kuma sai daga zubi na 7 girafik ɗin Intel ya iya buɗe irin masu 10-bit da kansa. Tsohon inji da ƙarfin tsiya yake yi, fanka na ihu, murya na gaba hoto na baya.

Matsalar waɗannan na ofis, fawa-fak ɗinsu ƙarami ne kuma na musamman, galibi ba shi da wayar da ake ba kati wuta. Katin da zai shiga sai mai shan wuta daga ramin kawai, wanda bai wuce 75W ba, irin GTX 1050 Ti ko GTX 1650 marar jona waya. Ka ɗauki inji mai tsayin jiki, domin siririn sai kati mai gajeren ƙarfe, shi kuma wuyar samu gare shi ga tsada. Kuma don Allah kada a sayar maka da GT 730 a ce ai 4GB ne. Yawan GB ba shi ne ƙarfin kati ba, girafik ɗin cikin 5600G ya fi shi. Ko GT 1030 iri biyu ne, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi ƙasa sosai alhali sunansu ɗaya.

Ma'ajiya ba doguwar magana: SSD, wanda ya fi had disk sauri, na 500GB don Windows da gem, tunda GTA V kaɗai yana cin wajen 100GB. Had disk na 1TB don finafinai zai iya jira. Hotunan iyali kuwa ka ajiye su wuri biyu, ka ji abin da ya same ni.

Kesin ka zaɓi mai raga a gaba, ba mai gilashi rufe ruf da fitilu ba. Daga Maris zuwa Mayu muna kaiwa digiri 40, iskar ɗakin ma da zafinta take shiga. Fanka ɗaya a gaba tana ja, ɗaya a baya tana fitarwa, ya isa. Kada ka cusa shi cikin kabad ɗin talabijin, kada ka ajiye shi a ƙasa kan kafet. Lokacin hunturu ina buɗe tawa duk wata, sai in tarar ƙura ta yi kamar auduga a haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar firosesa. In za ka hure, ka cire waya daga soket, ka fita tsakar gida, ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. In an kashe kwamfutar ta huce, a lulluɓe da tsohon zani.

Ranar saye ka tafi da filas ɗinka ɗauke da CPU-Z da GPU-Z da CrystalDiskInfo, duk kyauta ne. Na farko zai nuna maka ainihin firosesa da RAM, na biyu yakan tona katin jabu, na uku zai faɗa maka lafiyar disk da awannin da ya yi yana aiki. In ka ga ya nuna rawaya ka ajiye musu kayansu. Ka sa a kunna gem na minti 20 ko 30 kana zaune, domin mai ciwo sai ya ɗau zafi yake nuna hali. Ka zagaya shago uku kafin ka ciro kuɗi tunda farashi dala yake bi, kuma a rubuta maka lambar kowane kaya a rasit tare da kwanakin garanti. Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan, akwai su da yawa, wanda nake hulɗa da shi yanzu shi da kansa yake miƙo min kujera.

Ka gaya min ko inbata gare ka ko janareta, da girman talabijin ɗin. In ka je kuma, ka ɗauki hoton takardar da ke jikin fawa-fak ɗin ka turo kafin ka biya, in sha Allahu zan duba maka.