Amsa ga ɗan'uwan da karensa ke zawo yana ramewa

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta taɓa ni. Ka ce karenka ya fi wata biyu yana zawo, yau ya tsaya gobe ya dawo, yana cin abinci sosai amma kullum ramewa yake har haƙarƙari ya fito, kuma kana neman a faɗa maka sunan maganin da za ka saya a kasuwa. Don Allah kada ka fara ta nan. Ta nan aka kusa kashe mini karena Duna.

Shi ma haka ya faro, kashi ruwa-ruwa da majina, gashi ya bar sheƙi, ƙugu ya tsuke. Sai aka haɗa ni da wani mutum mai yawo a kan babur yana yi wa tumaki da awaki allura, wai ya san aikin dabba. Ko taɓa karen bai yi ba. Daga bakin zaure ya hango shi ya ce tsutsa ce, ya zuƙo maganin shanu a sirinji da ƙiyasin ido, ya sa yara suka danne shi ya soka masa. Ya kuma bar ƙwayoyin diklofenak, irin na ciwon jikin mutane, ya ce a tura masa cikin tuwo safe da yamma. Kuɗinsa ya karɓa cif, har da na mai.

Daren da abin ya ɓaci ba zai fita raina ba. Lokacin bazara ne, ka san zafin Damagaram a watan Afrilu, ba kuran, muna kwance a tsakar gida. Na ji yana kakarin amai a bayan randa. Da na haska fitila sai ga amai da gudan jini, kashin kuma baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani wari da ban taɓa ji ba. Na kira sunansa, ya yi yunƙurin tashi ƙafafun baya suka ƙi, sai jela kawai yake bugawa a ƙasa. Karen da ko akuya ba ta isa ta leƙo mana gida ba. Ƙaramar ɗiyata ta tsuguna tana kuka tana cewa Baba ka ɗaga shi. Na buga wa mutumin waya cikin daren, ka san me ya ce? Wai kare ne fa, in kai shi bayan gari in yar, in samo wani ɗan kwikwiyo. Da safe na sake kira ya ce wataƙila maƙwabta ne suka sa masa guba. Yana so ya haɗa ni faɗa da mutanen da muka yi shekaru muna zaman lafiya, don dai kada a ce aikinsa ne. Har yau in na hango shi yana wucewa da jakarsa sai zuciyata ta tafasa, don na san wani gidan zai shiga.

Likitan dabbobi na gaskiya da na kai wa shi, abin da ya fara yi shi ne ɗaga leɓensa. Dasashin ya yi fari fat. Ya ce baƙin kashi jini ne da ya fito daga tumbi ko farkon hanji ya narke, kuma diklofenak da ibuprofen suna yi wa kare gyambo a ciki, farasitamol ma yana iya lalata masa hanta. Kai ma yanzu je ka ɗaga leɓen karen naka. In dasashin ja-ja ne da damshi, da sauƙi. In fari ne ko ya bushe, ko ka ja fatar wuyansa ta ƙi komawa da sauri, ko ruwa ma ba ya zama a cikinsa, yau za ka kai shi ba gobe ba.

Ka tafi da kashinsa na ranar a leda, a duba a madubin likita. A na Duna an samu tsutsar nan mai kama bangon hanji tana shan jini, da wata ƙwayar cuta giyardiya da ake ɗauka a gurɓataccen ruwa. An ba shi maganin tsutsa mai suna fenbendazol, miligiram 50 ga kowane kilo na nauyinsa, kwana 3 a jere, aka maimaita bayan ƴan makonni. Ka ga dalilin da ya sa dole a auna shi. Ka ɗauke shi ka hau sikeli, ka sauke shi ka hau kai kaɗai, ka cire. Ka riƙa yin haka kowane mako kana rubutawa, don ido yana ruɗi.

Abinci kuwa, na san mu duk sauran tuwo da miya muke zuba musu. A yanzu ka dakata. Miyarmu ga yaji ga mai ga albasa, albasa da tafarnuwa kuwa suna fasa ƙwayoyin jinin kare. Madara ma ƙara masa zawo take. Dafaffiyar shinkafa da nama marar kitse, ba gishiri ba magi, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Ni ƙwai dafaffe nake ƙara masa in nama ya yi tsada. In ya warware, ka maido da abincinsa a hankali cikin mako guda. Ruwa mai tsabta a inuwa, a wanke kwanon kullum, a kwashe kashi kafin yara su taka.

Af, kayan cikin da ake kwasowa daga mayanka, ko lokacin layya, a daina ba su ɗanye. Hanta da huhun da ka gani da ƙululun ruwa, wanda mahauci ya yanke ya jefar, shi ke sa wa kare wata tsutsa da ƙwanta ke fita a kashinsa ya kama mutum. Ita wannan tsutsar, wani magani mai suna praziƙwantel ke kashe ta, fenbendazol ba ya yi mata. Ka duba kunnuwa da tsakanin yatsu ko akwai kaska, ita ma tana sa cutar da ke ramar da kare ta shanye jini.

Abu ɗaya ya tsaya mini a maganarka, ka ce yana ci sosai. Ba ka faɗi irinsa ba. In berje alman ne, wato babban karen nan ɗan asalin Jamus, ko ruwa biyu da shi, kuma kashin mai yawa ne, fari-fari ko rawaya da maiƙo, har yana komawa ya ci kashinsa, ka gaya wa likita ya yi tunanin pankiriyas, gaɓar da ke fitar da ruwan narkar da abinci. In ta gaza, abinci wucewa kawai yake, maganin tsutsa ba zai yi komai ba. Garin sinadarin narkarwa ake barbaɗa masa a kowane abinci har ƙarshen rayuwarsa, sau da yawa da allurar bitamin B12, kuma karnuka masu wannan ciwo suna maida jiki.

Duna ya daɗe kafin ya cika, amma ya tashi, yana nan yana gadinsa. Masu ce maka ka yar da shi kada ka saurare su, dabbar da ka ɗaure a gidanka haƙƙinta na wuyanka. Ka rubuto mana shekarunsa, launin kashin, da duk abin da aka riga aka ba shi, ko allura ko ƙwaya, ka kuma riƙe kwalayen ka nuna wa likita. Allah ya ba shi lafiya.