Ina son zama ƙwararriya a harkar tallata haja, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ilimin zamantakewa na karanta a jami'a, amma hankalina yana kan harkar tallata haja. Ina da mabiya da yawa a Instagram, kuma ana yaba rubutuna. Sai na sake wani digiri a fannin kasuwanci, ko abin da nake da shi ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba lallai sai kin koma aji ba. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sukan fi duba abin da mutum ya taɓa yi da sakamakon da ya samu, kuma karatunki zai yi miki rana, domin babban ɓangaren aikin sanin halin mutane ne. Sai dai kada yawan mabiya ya ruɗe ki. Tara jama'a a shafinki daban, sa mutum ya zaro kuɗinsa ya sayi kayan wani daban.

Da yawa sun ɗauka talla ce aikin gaba ɗaya. Tun a 1960 wani malamin jami'a a Amurka, E. Jerome McCarthy, ya kasa harkar gida huɗu: kayan kansa, farashinsa, hanyar da zai bi ya kai hannun mai saye, sannan talla. Idan kaya bai biya wa kowa buƙata ba, ko farashinsa ya fi ƙarfin waɗanda aka nufa, hoto mai kyau ba zai cece shi ba. Shi ya sa ƙwararre yake farawa da tambaya: wane ne mai sayen nan, me ke damunsa, me ya hana shi saye jiya?

Inda na fi ganin sababbin shiga suna tuntuɓe shi ne lissafi, kuma nan nake so ki fi ba da ƙarfi. A ce mutum 10,000 suka ga tallarki, 200 suka danna, 4 suka saya. Mai kamfani ba zai tambaye ki mutum nawa suka yaba ba. Zai tambaye ki nawa aka kashe kafin a samu kowane ɗaya cikin huɗun nan, kuma ko ribar ta mayar da kuɗin. Sauran 196 ɗin fa, a ina suka watse? Shafin sayar da kayan ne ya yi nauyin buɗewa a waya, ko kuɗin kai kaya ne ya fito a ƙarshe ya kore su? Daga nan sai ki saki talla iri biyu, ki bambanta su da abu ɗaya tak, misali kanun rubutu, ki ga wacce ta fi jawo ciniki. Idan kika canza abu uku lokaci guda, ba za ki taɓa sanin wanne ya yi aiki ba.

Don haka ki zauna ki ƙware a Excel, manhajar lissafi, da Google Analytics, mai nuna alƙaluman masu ziyartar shafin intanet. Akwai darussa kyauta a Google Skillshop da HubSpot Academy, kuma Meta Blueprint na koyar da talla a Facebook da Instagram. Takardar shaidar CIM, cibiyar ƙwararrun masu tallata haja ta Birtaniya, tana da daraja, amma za ta iya jira. Kada ki ɗaure kanki da manhaja ɗaya, domin kayan aikin ba sa zama wuri guda: a 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin su bi sawun mai iPhone, abin da ya dagula wa masu talla lissafi, a Yulin 2023 kuma Google ya dakatar da tsohon tsarin Analytics, dole aka koyi sabo.

Yanzu ki nemi ƙaramin kasuwanci ko ƙungiyar agaji ki yi musu aiki na wata uku, da sharaɗin za su riƙa nuna miki alƙaluman cinikinsu ko na gudummawar da suke samu. Ki rubuta shafi guda: yadda kika same su, abin da kika yi, abin da ya canza. Har tallar da ba ta karɓu ba ki saka, da dalilin da kike ganin ya jawo haka. Irin wannan shafi biyu ko uku za ki riƙe a hannu ranar da aka kira ki ganawar neman aiki.