Ta Yaya Ake Sanin Ɓera Ya Fara Gane-Gane?

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Na ji ana gwada ƙwayoyin da ke sa mutum gane-gane, irin su LSD, a kan ɓeraye. To ɓera ba ya magana, ta yaya ake sanin abin da ƙwayar ta yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka taɓo inda gizo ke saƙar. Babu masanin da zai rantse maka cewa ɓera yana ganin abin da babu shi. Alamu kawai muke bi.

Da farko, kada ka haɗa waɗannan ƙwayoyi da tramadol ko kodin, hanyarsu daban. LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a Basel ta Suwizalan a 1938, da silosibin da ake samu a wasu nau'o'in laimar kwaɗi, suna kama da serotonin, sinadarin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Kamar makullin aro ne da ya dace da kwaɗon wani. Kwaɗon nan, wanda serotonin ke buɗewa a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sunansa 5-HT2A, kuma ya yawaita a ɓawon ƙwaƙwalwa. Da ya buɗe, sai ƙwayoyin ƙwaƙwalwar wurin su zabura, gulutamet, wani sinadarin aika saƙo, ya ƙaru, saƙonni su riƙa kai-komo fiye da kima.

Abin da ido ke gani shi ne ɓeran yana kaɗa kai da sauri, dama da hagu, kamar karen da ya fito daga ruwa. Ana zama a ƙirga. Wani zai ce wannan ai wasan yara ne, amma ji abin da aka gano a 2007: ɓerayen da aka cire wa 5-HT2A ta hanyar ƙwayoyin gado, ko an ba su LSD ba sa kaɗa kan. Sannan akwai lisuride, ɗan'uwan LSD ne a siffa, yana kama wannan kwaɗon, amma ba ya sa mutum gane-gane, ɓera ma ba ya kaɗa kai da shi. A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi, domin ta nuna ba buɗe kwaɗon kaɗai ba ne, yadda aka murɗa makullin ma yana da tasiri.

Akwai kuma gwajin da ake koya wa ɓera ya danna wani maɓalli in an ba shi LSD, wani daban in ruwan gishiri ne. Ranar da aka ba shi sabuwar ƙwaya, maɓallin da ya zaɓa shi ne amsarsa: in ya danna na LSD, alama ce ya ji ta kamar LSD.

A 2021, masana a Jami'ar Yale ta Amurka sun leƙa ƙwaƙwalwar ɓeraye masu rai bayan allurar silosibin guda ɗaya. Cikin awa 24, ƙananan rassan da ke tsirowa a jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda ta kansu ƙwayoyin ke haɗuwa da juna, sun ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100, kuma bayan wata guda suna nan. Ana kuma binciken ko silosibin zai magance ciwon damuwa, amma wannan gwaji ne ƙarƙashin kulawar likitoci, ba abin da mutum zai jarraba a ɗakinsa ba.