Ga mai neman a buga zanenta a littafin yara

'Yar'uwa, kin ce zane ya taru amma kin rasa ƙofar da za ki ƙwanƙwasa. Masu ɗab'i ba kyan hoto ɗaya suke dubawa ba. So suke su ga yaro guda a shafuka da dama, yana kuka, yana bin akuya a lungu, kamanninsa ba su sauya ba. Nan yawancinmu muke tuntuɓe.

Ki zana shafuka 6 na tatsuniya ɗaya, ki bar gurbin rubutu. Ki fara nuna wa malaman sashen zane na ABU a Samaru, sannan ki gwada kamfanin ɗab'in littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) nan Zariya. Don Allah kwafi za ki miƙa, ki riƙe na asali, kuma a rubuta yarjejeniya kafin a buga.