Amsa ga ɗan'uwan da ke son haɗa ƙafafun ƙarfe don raba tarakta

Ɗan'uwa, sannu. Ka ce kuloci ya ƙone, dole a raba taraktar biyu, ba ka da ƙafafun kamfani da ake tallafe kowane rabi da su, kana tambaya ko za ka iya haɗa naka da walda. Za ka iya. Na san irin zullumin da kake ciki, don haka bari in fara da abin da ke kayar da mutane, wanda ma ba ƙafafun ba ne.

Aksil ɗin gaba a kan fin guda ɗaya yake lilo a tsakiya. Giyabos da tayoyin baya ne ke hana inji kifewa gefe. Da zarar ka kwance noti na ƙarshe ka ja, babu sauran abin da ke riƙe shi. Ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, sai dai ka ga ya karkata a hankali, sannan ya tafi gaba ɗaya, kuma a lokacin hannun mutum na cikin gidan kuloci ko ƙafarsa na ƙasa. Wallahi tunaninsa kaɗai yana tayar min da tsikar jiki. Tun kafin ka ɗauki sifana, ka fafe weji biyu na katako mai tauri, ka buga su da guduma tsakanin aksil da jikin tarakta, hagu da dama, har su daina motsi.

Ƙafafu biyu kake buƙata: ta baya tsayayyiya a ƙarƙashin giyabos, ta gaba mai tafiya. Ka nemi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, 50 da 50, kaurin bangonsa milimita 5. Gindin ya yi faɗi, kada ya gaza santimita 80, ka sa tokara a karkace a kowace kusurwa. Ta gaba ka yi mata faranti mai kaurin milimita 10 ko 12 a kowane gefe, ka huda shi daidai da ramukan da ke jikin inji, ka ɗaure da noti mai ƙarfi, mai lamba 8.8 ko makamancinsa. Ka duba zaren tukuna, domin tsofaffin Massey Ferguson da awon inci suke, notin milimita zai cinye maka zare. Ɗaurewa za ka yi, ba ɗorawa kawai ba. Kaskon baƙin mai kuwa, in na siririn ƙarfe ne, kada ya ɗauki nauyi, lotsawa zai yi.

A kowace ƙafa ka sa sandar ƙarfe mai zare, kaurin milimita 30, da babban noti da aka yi wa walda a jikin ƙafar. Da ita za ka riƙa ɗagawa da saukewa kaɗan-kaɗan ranar haɗawa. Jek na mai ka ɗaga da shi kawai, domin yana sauka da kansa cikin dare. Tayoyin ƙafar su zama na ƙarfe, kowace ta iya ɗaukar akalla kilo 500, ko ka sa boris su bi kan dogo. A yi aikin a kan daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, in babu a shimfiɗa farantin ƙarfe.

Masu cewa a jera bulo a ɗora, su ne ke ba ni haushi. Bulo ba ya lanƙwasa ka gani ka gudu, farfashewa yake yi nan take. Haka mai waldar da zai ɗiga maka walda a sama, ba ta ci cikin ƙarfe ba, ya shafa fenti ya ce an gama. Ka tsaya a kansa, ya gurje bakin ƙarfen, ya zagaye kowace mahaɗa, ya kakkaɓe dattin ka gani da idonka. Ran mutum ne a ƙarƙashi.

Na manta: ka cire batir, ka sauke ƙarafan nauyi na gaba, ka kwance garma, ka sa wa tayoyin baya weji gaba da baya, ka kuma tokare wajen jan kaya don kada rabin baya ya kife da baya. Bututun gas, sandar totur, wayoyi da haɗin sitiyari duk a kwance, kowanne ka sa masa alama.

Tunda an buɗe, don Allah kada ka canza faifan kuloci kaɗai. Boris ɗin da ke tura kuloci, da ƙaramin da ke tsakiyar fulawil (babban faifan ƙarfe na bayan inji da kuloci ke manne da shi), da robar da ke tare mai a bayan inji, duk ka sake su, kada a sake rabawa saboda ƙaramin abu.

Wajen haɗawa, ka yanke kan dogayen noti biyu ka ɗaura su a matsayin jagora. Ka daidaita faifan a tsakiya da sanda. In ya rage tazara kaɗan ya ƙi shiga, haƙoran shaf ne ba su haɗu ba: ka juya fulawil ko shaf ɗin PTO (sandar da ke juya kayan aiki a bayan tarakta) kaɗan, ka auna tazarar sama da ta ƙasa su zo ɗaya. Kada ka ja shi da noti, faifan zai lanƙwashe ko gidan ya tsage. Ka turo mana samfurin taraktar da hoton gefen inji, sai mu duba ramukan da za ka kama. Allah ya kiyaye.